Tambayar Da Ta Mayar Da Mu Ɗalibai

Wata rana a darasin kimiyya, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa ake ganin burodi sarai ta cikin ledarsa, amma ledar cefane mai ƙarar nan kamar hazo ya rufe ta?" Ba mu tsaya tunani ba, muka ce kauri ne. Washegari sai ga ta da ledojin biyu. Ashe mai hasken ce ma ta fi kauri! Aji ya yi tsit, mu kuwa kunya ta kama mu.

Daren nan muka koma ga littattafanmu. Ledojin biyu abu ɗaya aka yi su da shi, wato polietilin, wanda ƙwayoyinsa dogaye ne kamar zare. Irin da aka gano a Ingila a 1933 zarensa yana da rassa, saboda haka ba ya jeruwa sosai. Wanda Karl Ziegler ya samo a Jamus a 1953 kuwa miƙaƙƙe ne, kusan babu rassa, sai ya jeru ya matse kamar karan zana.

A nan sirrin yake. Cikin leda akwai wuraren da zaren ya jeru da waɗanda ya cukurkuɗe, kuma haske ba ya ratsa su da gudu ɗaya. Duk inda ya iso iyakarsu sai ya karkace. In jerarrun wuraren sun yi yawa, sun kuma yi girma, hasken yakan warwatse, ledar ta yi hazo. Shi ya sa a masana'anta, in an sanyaya narkakkiyar roba da sauri, takan fi haske, don zaren bai sami sukunin jeruwa ba.

Da muka dawo aji, mun kunna kyandir. Yara suka ga narkakken kakin garau kamar ruwa, amma da ya daskare, ƙwayoyinsa suka jeru, sai ya koma fari. Muka ce wa ɗalibar, "Ke ce da gaskiya, mu muka yi kuskure."

'Yan'uwa malamai, faɗin "ban sani ba, zan bincika" ba ya rage wa malami daraja. Ku kuma ɗalibai, kada ku daina tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.