Tukunyar Mama

Shekara uku ke nan da rasuwar Mama. Duk lokacin da muka zauna rubutu a kanta, "mace ce ta gari" kawai ke fitowa, kuma kowa haka yake cewa game da uwarsa. Gara mu ba da labarin tukunya.

Aikin dam ne ya kai Baba Goronyo. Kiristocin garin ba su da yawa, 'yan Zumuntar Mata ko benci uku ba sa cikawa. Mama ce mai buga tulu idan ana waƙa, a ɗakinta kuma ake ajiye babbar tukunyar da ake dafa shinkafar Kirsimeti.

A watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliya, ya ci Kagara da ƙauyukan kusa. Mutane suka shigo gari da tabarmi a ka. Mama ba ta jira sanarwar fasto ba. Ta ɗora tukunyar, ta kwance buhun geron da Baba ya ajiye don kuɗin makarantarmu, ta yi ta dama kunu.

Gaskiya mun ji haushi. Mu muka sha jigilar bokitai, kuma a zangon nan sau biyu ana koro mu gida.

Ranar jana'izarta tsofaffin mata uku suka zo daga Kagara cikin lulluɓi. Ba su shiga coci ba. Suka zauna gindin dogon yaro har aka fito da akwati, ɗayarsu riƙe da ƙwaryar albasa, tana tambayar wane ne babba a cikinmu.