Kwalbar Daren Talata

Mu da muka tashi a gidajen Kiristocin Wusasa, ba da sanda aka hana mu giya ba, ba a kuma yi mana tayinta ba. Abin da aka hana mu da gaske shi ne zubar da abinci. Mama takan tsaya a kaina sai na suɗe kwano tas. Ban taɓa zaton wannan tarbiyya ce za ta so kai ni ta baro ba, sai da na zo aikin jinya a Ingila.

Idan na taso daga aikin awa 12, ƙafafuna kamar ba nawa ba, nakan biya kanti in ɗauki giyar inabi mai kumfa. Ba shamfen ba, wannan sunan na yankin Champagne ne kaɗai a Faransa, wajejen Reims da Épernay, kuma kuɗinta ba na daren Talata ba ne. Prosecco ta Italiya nake saye, ko Cava ta Sifaniya. Kullum babbar kwalba, mai mililita 750, don na yi lissafi: rabin kwalba mai mililita 375 kuɗinta ya fi rabin kuɗin babbar. Na ce ai wawa ne zai sayi ƙarama.

Matsalar ita ce kumfa ba ta jira. Ana cire marufin, iskar da ke ciki ta fara guduwa, kafin jibi ta zama lami. Na gwada dabarar nan ta zura cokali a bakin kwalba a sa a firij; tatsuniya ce. To, niyyata kofi ɗaya, amma sai in dubi sauran in ji muryar Mama. A zubar? Haba! Sai in ƙara. Haka na riƙa shanye kwalba guda ni kaɗai, ina kiran abin tattali.

Abin kunyar, ni ce mai gaya wa marasa lafiya cewa tun 2016 hukumomin lafiya na ƙasar nan suka ce kada a wuce awo 14 na barasa a mako. Babbar kwalba mai ƙarfin kashi 12 cikin ɗari awo 9 ce. Biyu kawai, an zarce. Na san wannan lissafin kamar sunana, amma na fam da kwabo nake yi a gaban kanta.

Yayata ce ta fasa ƙwan. Muna waya wata Laraba da safe, ta ce, "Ke, muryar nan taki ba ta gajiya ba ce." Na ce mura ce, Yaya. Ta yi shiru, irin shirun da gara a zage ka.

Daga makon na koma rabin kwalba. Kofi uku ne ƙanana, biyu da abinci, ɗaya in ta kama. Akwai ma 'yar mitsitsiya mai mililita 200, wadda ta fi dacewa da ranar da zan yi sammako. Da na rage yawa sai na fara karanta takardar jikin kwalbar. A nan na gane Extra Dry ta fi Brut zaƙi, duk da sunan nata: Brut sukarinta bai kai giram 12 a lita ba, ita kuwa 12 zuwa 17 ne. Na gane kuma dalilin da ya sa Cava da Crémant ta Alsace ko Loire suke da ƙamshin burodi: a cikin kwalbarsu suke yin kumfa, kamar shamfen, ita Prosecco kuwa a babban tanki. Da shinkafa da miya mai yaji, Cava Brut na fi so. Ba na kuma tara ƙananan a gida, don sun fi manya saurin tsufa. Ɗaya nake saye, ranar da zan sha.

Har yau idan mai kanti ya faɗi kuɗin, raina yakan ɗan sosu. Talatar da ta wuce ma na bar rabin kofi a gindin kwalba. Na daɗe tsaye da ita a bakin famfo kafin na tuttular, na ɗauraye kofin, na kashe fitilar kicin.