Jigidar Orlando

A cikin akwatin ƙarfen da Hajiyarmu ta bari, ƙarƙashin zannuwanta da tasbahar da ta zo da ita daga Makka, an tarar da sarƙoƙin roba guda goma sha ɗaya, wasu kore, wasu shunayya, wasu ruwan gwal. 'Yan'uwan da suka zauna rabon gado suka yi ta juya su, aka rasa mai cewa ga abin da suke. Mu mun sani, amma muka kame bakinmu, domin labarin ba na irin wannan zama ba ne. Ga shi yau mun kawo wa mai karatu.

A farkon 2019 muka ɗauko ta daga Kano zuwa Atlanta ta ƙasar Amurka, inda muke neman abinci, don a yi mata aikin gwiwa. Aiki ya yi kyau, amma zaman ya gundure ta. Matar da ƙofar ɗakinta ba ta rabo da sallama, sai ga ta daga ita sai talabijin ɗin da ba ta jin yarensa. Da yara suka sami hutu a ƙarshen Maris, suka matsa lallai sai an kai su Universal Studios, wani makeken wurin wasa da aka buɗe a birnin Orlando na jihar Filorida a 1990. Tafiyar awa bakwai ce a mota. Muka naɗe keken marasa lafiya muka sa a but, muka ɗauki hanya.

Lokacin ya dace da bikin da suke kira Mardi Gras. Asalinsa ba na Orlando ba ne. Kalmar ta Faransanci ce, wato Talata mai maiƙo, ranar ƙarshe ta ci da sha kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40. A Amurka birnin New Orleans ne gidansa, inda ƙungiyoyin gari suke fitowa da jerin gwano tun 1857, suna watsa wa 'yan kallo tsaraba. Masu wurin wasan sun aro shi ne a 1995. Talatar ta wannan shekara ta faɗo ranar 5 ga Maris, ta wuce da makonni, masu azumi sun yi nisa, amma a nan kullum dare sai an sake fitowa, tun daga Fabrairu har farkon Afrilu.

Duk wannan mun zazzage wa Hajiya shi a mota, da irin muryar ɗan bokon da ya karanta littafi biyu. Muka ce mata abin da za ta gani kwaikwayo ne kawai, biki ne na haya, wanda sai ka biya sama da dala 100 kafin ka shiga. Ta saurara har muka gaji, sannan ta ce, "Oho, su kafin azumi suke tasu sallar? To ai da dabara." Ba ta ƙara ba.

Bayan magariba ma'aikata suka ja igiya a bakin titi, aka ba mu gaba saboda kekenta. Can sai muka jiyo ganguna da bushe-bushe. Masu rawa suka fara ɓullowa, sai wasu dogaye da ke tafiya a kan sanduna, sun yi tsawon mutum biyu, sannan motocin ado, kowace ta kai girman shago, an lulluɓe ta da fitilu har ba ka ganin tayoyinta. Ɗaya an yi ta kamar jirgin ruwa mai bene. Wata kuwa ƙaton kada ne, baki buɗe. A kan kowace akwai mutane jere, hannuwansu cike da sarƙoƙi, suna wurgo wa jama'a.

Ta farko a cinyar Hajiya ta faɗo. Ta ɗaga ta, ta duba a hasken fitila, ta riƙe baki.

"La'ilaha illallahu! Jigida ce suke rabawa a titi? Har da maza?"

Muka shiga yi mata bayanin cewa a wuya ake ratayawa, launukan nan uku ma tun 1872 aka zaɓe su a New Orleans. Ina! Ba ta ma ji mu ba. Ta juya wajen 'yarmu mai shekara tara ta ce, "Ke kishiya, matsa, wannan rabon manya ne." Ta ɗaga hannu biyu sama. Da motar kadan nan ta zo daidai mu, sai Hajiya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabonmu da ji tun bikin autarmu. Turawan da ke kusa suka waiwayo. Wani saurayi a kan motar ya dube ta, ya yi dariya, ya damƙo sarƙoƙi cike da hannu ya sako mata su gaba ɗaya.

Ba za mu ɓoye ba, kunya muka ji. Muka sunkuya muka ce, "Hajiya, a yi a hankali, ana kallonmu." Ta ce, "To da me aka zo yi?"

Wannan magana ta daɗe tana cin mu. Matar nan a cikin birni aka haife ta, ta fi shekara sittin tana kallon Hawan Daushe, a bayanta muka fara ganin 'yan lifida da dogarai, a bayanta muka fara firgita da ƙarar bindiga. Idan akwai mai ikon raina jerin gwanon da babu doki ko ɗaya a cikinsa, ita ce. Amma mu ne muka raina, mu da muka shekara goma sha biyu muna ba da uzurin aiki da tsadar jirgi, ba mu taɓa kai yaranmu gida sun ga hawan salla ba. Muna tsaye muna lissafin abin da ke na asali da na kwaikwayo, ita kuwa tana tara jigida.

A hanyar komawa masauki ta ƙirga sarƙoƙinta sau biyu, ta ba ɗanmu guda ɗaya, wai tukuicin mai gida da ya tura keke. Sai ta yi tambaya.

"Wai gidan wa suka nufa?"

Ba mu gane ba. Ta ce ai hawa ba ya rasa inda za shi. Ranar Daushe Sarki Babban Ɗaki yake zuwa ya gai da mahaifiyarsa, sannan ya dawo Ƙofar Kudu a yi masa jahi. Su waɗannan wa suka je gaisarwa? Muka ce babu kowa, zagayawa suke yi su koma rumfar da ake ajiye motocin, gobe su sake fitowa. Ta yi shiru har muka zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Ashe ni suka zo gaisarwa."

Sai ƙarshen shekarar likita ya sallame ta, saboda haka sallolin 2019 duka a Atlanta ta yi su. Ta koma Kano tana cewa bana da ƙafarta za ta je kallon Daushe. A 2020 annobar korona ta sa aka soke hawan, ita ma ba ta kai ƙarshen shekarar ba, Allah ya jiƙanta. Ba mu sami zuwa jana'iza ba. Sai a 2021 muka iso gida da yaran, aka buɗe akwatin.

Da aka rasa mai so, wani ƙanin mahaifinmu ya ce a ba yaran unguwa su yi wasa. Kafin mu yi magana 'yarmu ta taso daga bayan ɗaki. Hausarta ba ta da ƙwari, ba ta cika buɗe baki a cikin mutane ba. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, kayan kishiyata ne." Ta kwashe su duka goma sha ɗayan ta zuba a cikin hijabinta.