Zaure Ɗaya, Tukunya Tara

Mutane da yawa suna tsammani Turawa ne suka kawo mana zaman iyali da yawa cikin gida ɗaya, da ya ke benayen haya na Kano ba su daɗe ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913, sa'an nan gidajen haya suka fara tsirowa. Mu ma a irinsu mu ke zaune: iyali goma sha biyu, famfo ɗaya, matakala ɗaya. Amma in ka ƙetare Fagge ka shiga birni ta Ƙofar Mata, za ka tarar da gidajen ƙasa waɗanda suka girmi benenmu nesa ba kusa ba, har wa yau kuwa a cike su ke da jama'a. Muna so mu ba masu karatu labarinsu tun suna tsaye, gama kusan kowace damina a kan rasa waɗansu.

Sarkin Kano Gijimasu ne ya fara ganuwar birnin, ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi, masana tarihi kuma suna lissafta Ƙofar Mata cikin ƙofofin zamaninsa. Ƙofar da a ke gani yau sabon gini ne, an buɗe ta domin motoci. Amma marinar da ke bakinta tana nan, an ce tun 1498 a ke rini a wurin. Ku riƙe zancen marinan nan, za mu komo kansa.

In ka miƙe hanya ka wuce Asibitin Murtala da babban masallaci, za ka kai Gidan Makama, kusa da fada. Labarin da aka gāda ya ce a ƙarni na 15 aka gina shi domin Rumfa sa'ad da ya ke riƙe da sarautar Makama, a ciki kuma ya zauna kafin a gama ginin fadar da a ke kira Gidan Rumfa. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun yi ofis a cikinsa. Daga baya aka raba shi: wani sashi ya zama gidan tarihi, wani makarantar firamare, wani kuma ya ci gaba da zama gidan kwana. A gidan tarihin akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni. Wanda ya ke so ya ga yadda a ke gina babban gidan Kano, nan ne wurin da kowa zai iya shiga ya ɗaga kai ya dubi rufi, ba tare da ya kutsa wa matan wani ba.

Ga yadda maginan dā su ke yi. A kan haƙo ƙasa a kwaɓa da ruwa, a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya a rana. A kan jera shi tsininsa na duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai haɗe da ciyawa. Bango ya kan yi kauri ƙwarai a gindi, yana sirancewa yana hawa. Kaurin nan ne ke tare zafin rana, ya sa ɗaki ya yi sanyi a watan Afrilu, ya kuma riƙe ɗumi da hunturu. Mu da mu ke kwana a ƙarƙashin kwano mun san bambancin a jikinmu.

Rufi kuwa da azara a ke yinsa, watau giginya da aka tsaga, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. To, yaya za a rufe zaure mai faɗi? Nan gwanintar ta ke. Magini ya kan dasa azara cikin bango, ya ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, ya ƙara wata, daga wannan gefe da wancan, har su gamu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna sai rufin ya tashi ya yi tulluwa, a kan kuma manna tasa ko kwano mai ƙyalli inda suka haɗu. A bisa kusurwoyin soro a kan tsayar da zankwaye, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.

Maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne, saboda haka a kan shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuwa da laso a ke shafe shi, ga kuma inda marina ta shigo. Abin da ya kwanta a ƙasan ramin rini a kan kwashe shi a shanya a ƙone, ya zama katsi. A gama katsi da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi, shi ne laso. Ashe marini da majemi da magini duk hannunsu yana kan rufi ɗaya. Wannan abu ya kan ba mu sha'awa fiye da dukan zanen da a ke yi a fuskar gida.

Gidan Makama na sarauta ne. Gidan da mu ka fi sani na talakawa ne, yana wani lungu ba nisa da marina, na mahaifin wani abokin aikinmu, wanda mu kan gaisar kowace salla. Zaure ɗaya ne, a nan Baba ya kan zauna a kan buzu. Daga zaure sai ƙofar gida, sai shigifa, ba kuwa ƙofar da ta dubi 'yar'uwarta, domin kada idon mai wucewa ya kai ciki. Baƙo namiji iyakarsa ke nan. Matanmu ne su ke shiga su kawo mana labarin sauran: sassa tara, kowane da ɗakunansa da murhunsa da ɗan tsakar gidansa, rijiya ɗaya a tsakiya. Da muka tambayi Baba mutum nawa ke gidan, sai ya ce, "'Ya'yana, mu ba mu ƙidaya kawuna, tukunya mu ke ƙidayawa. Tara ce." Ba duka ne dangi ba. Sashi biyu na baƙi ne, ɗaya zuriyar wani falke ne da kakan Baba ya saukar, bai ƙara tashi ba.

Saukar baƙo tsohuwar sana'a ce a Kano. Akwai unguwa kusa da Kasuwar Kurmi da a ke kira Alfindiki, sunan daga kalmar Larabci ne mai nufin masaukin fatake. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ga sorayen ƙasa masu hawa biyu na Larabawan da ke ciniki a birnin. Haya dai ba a Sabon Gari aka fara ta ba.

Abin da ya riƙe gidan Baba har yau yaɓe ne. Kowace shekara kafin ruwan farko a kan hau rufi a duba tsaga, a gyara indararo, a cike inda gindin bango ya zaizaye. Ba mai cewa wannan bangon ba nawa ba ne, gama bangon sashenka shi ne bayan ɗakin maƙwabcinka, in ya jiƙe ku biyu zai danne. Maigida ne ya kan sa rana, kowace tukunya ta ba da kuɗi ko ta ba da hannu, yara su ɗebo ruwa, mata su yi kunu. A benenmu ba haka ba ne. Mai gidan yana wani gari, wakilinsa ya kan zo karɓar kuɗi, indararon da ya karye kuwa kowa ya kan raɓa ya wuce shi. Siminti yana haƙuri da sakaci shekara da shekaru, shi ya sa mu kan manta ana gyara gida. Ƙasa ba ta ba da wannan dama. A ruwan watan Agusta na 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa masu yawa sun zube a Kano.

Ba mu ce kowa ya koma gidan ƙasa ba. Ɗakunan suna da duhu, tagoginsu ƙanana ne, lungu ba magudanar kirki, matan gidan kuma su ne za su fara gaya maka haka. Wanda ya sami hali ya sa kwano, ba mu ga laifinsa ba. Amma shafa wa bangon ƙasa siminti, wanda mutane da yawa su ke yi da nufin hutawa da yaɓe, ya kan jawo ɓarna. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. In ya tsage ruwa ya kan shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango yana ruɓewa a ɓoye, fuskarsa kuwa sumul, sai ran da ya faɗi gaba ɗaya.

Abu na biyu da ke cin waɗannan gidaje rabon gado ne. In maigida ya rasu aka raba, kowa ya kan toshe ƙofarsa ta ciki ya huda sabuwa ta kan lungu, wani ya sayar, mai saye ya rushe ya yi shaguna, da ma kasuwa tana matse unguwar ta ko'ina. Zaure ya zama ba na kowa ba, shi ne kuwa ya kan fara faɗuwa. Gidaje biyu a lungun Baba haka suka ƙare a kan idonmu.

Baba ya haura tamanin. Maginin da ya saba yi masa bakan gizo ya rasu, ɗansa bulo ya koya. Bara rufin zaure ya fara yoyo ta gefen gabas, 'ya'yan suka kawo shawara a yaye shi a sa kwano, Baba ya ce a dakata tukuna. Ya aiki jikansa marina ya tambayo ko akwai mai sayar masa da katsi buhu biyu, ya kuma sa a nemo masa wani tsohon magini da aka ce yana wajen Dala, ya iya haɗa laso.