Gilashin babur roba ne

Ɗan'uwa mai babur, dubi gilashin gaban baburinka. Tun zaɓen 2020 aka liƙa masa hoton ɗan takara. Rana ta cinye hoton, amma gam ɗin yana nan daram.

Kada ka ɗauko reza. Gilashin nan roba ne, reza tana karce shi. Esansi kuwa ya fi ɓarna: yana sa roba ta dushe, har ta tsattsage. Ran da ka taso daga Matamaye da dare za ka Damagaram, fitilar babbar mota ta haske ka, ba ka ganin rami, ba ka ganin amalanken rake. Ka ga abin ba wasa ba ne.

Ni dai ga yadda nike yi da nawa. Ina aje babur cikin rana, gam ya yi laushi. In ɓamɓare takardar da farce, sannu sannu. Abin da ya rage in shafa masa man gyaɗa, in tafi in sha shayi. In na dawo, sai ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi.

Lokacin hunturu, zuba ruwa kafin ka goge. Ƙura ma tana karce roba.