Dutsen Ujiji Da Sunayen Da Ba A Rubuta Ba

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Shekaru da dama ina koya wa yara labarin Ujiji daga littafi, har Allah Ya nufa na taka garin da ƙafata. Garin na bakin tabkin Tanganika ne, a yammacin ƙasar Tanzaniya, 'yan kilomitoci kudu da Kigoma. Tabkin kuwa zurfinsa ya kai wajen mita 1,470, ban da Baikal na Rasha babu wanda ya fi shi zurfi a duniya.

A ƙarni na 19 Ujiji babbar matsayar jiragen ruwa ce. Nan fataken Larabawa da na Suwahili ke sauke hauren giwa da bayi daga ƙasar Kwango, sannan ayari ya ɗauki hanya ta Tabora zuwa Bagamoyo, tafiyar kilomita sama da 1,000 a ƙasa. Amma abin da baƙi ke zuwa gani wani dutse ne da aka gina a inda Henri Sitanli ya iske Dakta Libinston a shekarar 1871. An zana taswirar Afirka a jikinsa da gicciye a tsakiya, ga itatuwan mangwaro sun yi masa inuwa. Ruwan da ke kusa da wurin a wancan zamani ya ja baya, sai mutum ya ɗan yi tattaki kafin ya kai gaɓa, inda masunta ke shanya ƙananan kifayen da suke kira dagaa.

Na daɗe tsaye gaban dutsen, zuciyata na kai da komo. Haɗuwar Turawa biyu ta sami dutse da ɗakin tarihi. Dubban bayin Allah da aka fito da su daga kwale-kwale a ɗaure fa? Mutanen garin sun nuna mini jerin mangwarori a kan tsohuwar hanyar ayari, suka ce daga ƙwallayen da matafiya suka yar suka tsiro. Ke nan itace ne ya riƙe musu amanar da mutum bai riƙe ba.

Ban ce a rushe dutsen ba, domin Libinston ya yi ta kai kukan cinikin bayi ga mutanen Ingila. Sai dai da ya rasu a 1873 a ƙauyen Citambo, cikin Zambiya ta yau, yaransa Susi da Cuma ne suka jagoranci ɗaukar gawarsa wata da watanni har Bagamoyo. Ɗalibi nawa ne ya taɓa jin sunansu?

Mu ma kada mu yi saurin nuna yatsa. Ayarin da ke tashi daga Kano da Katsina ya ratsa Sahara zuwa Turabulus ba fatu da turkuɗi kaɗai yake ɗauka ba. A wace kasuwa tamu aka kafa ko da allo guda don tunawa da waɗanda aka sayar a cikinta?

Wannan aiki ne da ya hau kan marubuta da malamai. Wanda ba shi da kabari sananne, ba kuma dutse, alƙalaminmu ne kaɗai ya rage masa. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.