Rani Ke Tona Asirin Shuka

Magidancin da ya yi gini a kan tudun Asokoro ko Maitama ya san ɓarnar ruwan Abuja. Daga Afrilu zuwa Oktoba yakan kwashe ƙasar da ba ta da rufi, har ya tone gindin katanga. Maganinsa kuwa gajerun itatuwa ne marasa kaɗe ganye, irin su duranta da iksora.

Amma mai hankali ba ya zaɓe da damina, gama a lokacin kowane tsiro kore ne. Sai ya zaga unguwa cikin Fabrairu, ya ga wanda ya jure wa hunturu, sa'an nan ya dasa da saukar ruwan fari, ya riƙa yi masa aski. Mai ƙananan yara dai ya kula, 'ya'yan duranta guba ne.